Gezar da Na Yanke a Springfield

Wata takwas na yi a Landover, a ƙasar Amurka, ban taɓa keken ɗinki ba. Ni da aka yaye ni a ƙarƙashin teburin ɗinkin Babana a Bukuru, ni da mata suke kama layi a shagona tun watan Oktoba saboda kayan Kirsimeti, sai ga ni ina sauke kwalayen manja da busasshen kifi daga bayan mota, cikin sanyi mai shiga haƙori. Sunana Bulus, amma a gida ba mai kirana haka sai matata Rifkatu idan ranta ya ɓaci. Kowa Tela yake cewa. A Landover kuwa na koma “kai, zo ka ɗauka”.

Wanda ya jawo ni can ɗan garinmu ne, Oga Danjuma, mai shagon kayan abincin Afirka. Da na ci cacar biza shi ya ba ni adireshi, ya turo mini hoton wani shago mai kekuna huɗu da fitilu, ya ce kujera ɗaya tawa ce. Da na iso na tambayi shagon, ya ce ana fenti. Bayan wata biyu ya ce mai ginin ya canza magana. Daga baya direbansa ya gaya mini shagon na wata 'yar Senegal ne, Oga ya shiga ne a rage masa wando, ya ɗauki hoton yana jira. Na haɗiye, domin katin zamana a ƙasar a adireshinsa za a aiko da shi, kuma duk sanda na tambaya sai ya ce, “Bai zo ba tukuna, ka san gwamnati.” Ranar da nake share ofishinsa na ga ambulan ɗin a ƙarƙashin tarin takardu, da sunana a jiki, har ya yi ƙura. Na sa shi a aljihu, na gama sharar tsaf don kada a ce na bar aiki rabi, na ɗauki jakata na fita.

Daga Landover sai Silver Spring. Wata nas 'yar Zonkwa da muke coci ɗaya ce ta kai ni wurin Malam Isufu, wani dattijo ɗan Maraɗi da ke aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Iyalinsa sun koma gida, ɗaki ɗaya ya rage babu kowa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi jakata, ya ce, “Bon, Tela, ga ɗaki nan. Abin da ka gani cikin firiji ka ci, wanda ba ka gani ba kada ka tambaye ni.” Shi ne mutum na farko da ya kira ni Tela a ƙasar nan. Na sunkuya na yi kamar zip ɗin jakata ya maƙale, don kada ya ga idona.

Na samu wanke-wanke a wani gidan abinci na 'yan Habasha. Mutanen kirki ne, ba su taɓa ɗaga mini murya ba, amma ruwan zafi da sabulu suka cinye kantar da ke yatsan da nake tura allura da shi. Ranar da na lura yatsan ya yi laushi, abinci bai shige ni ba. Ba na iya zama wuri ɗaya. Ranar hutu sai in hau jirgin ƙasa na cikin gari, na jan layi, in sauka a tashar da ban sani ba, in yi ta tafiya ina leƙa tagogin shaguna ko zan ga keke. A cikin jirgi ba fuskar mutane nake kallo ba, ƙafar wandonsu nake kallo, kuma da na ga wanda aka kalmashe a karkace sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Idan Rifkatu ta kira ta ce, “Yaya ɗinki?” sai in ce, “Da godiya,” in yi sauri in tambayi yara. Shekara guda na ƙara ina wannan ƙaryar, kuma ta fi sanyin ƙasar ci mini rai.

Malam Isufu ne ya ga takardar neman tela a ƙofar wani shagon wanki da guga a Springfield, ranar da ya je suna a unguwar. Mai shagon 'yar Koriya ce, Madam Yun, gajera mai tabarau, ba ta ɓata magana. Telanta ya tsufa ya ajiye aiki, kekensa na nan bakin taga an rufe shi da tawul. Ta miƙo mini wando ta ce in rage tsawon. Da na ɗora ƙafa keken ya ɗauka, sai da tsikar jikina ta tashi. Ta juya wandon ta duba ɗinkin ta ciki kamar mai neman ƙwarƙwata, sannan ta ce, “Gwaji na wata ɗaya. Kwastoma ɗaya ya kawo ƙorafi, ka tafi. Abin da aka rubuta a takarda shi kaɗai za ka yi.”

Maganar farko da ta biyu na ji su sarai. Ta ukun kam ta shiga ta nan ta fita ta can, domin a raina cewa na yi, wace ce za ta koya wa ɗan Tela Pam ɗinki? Kullum sai na hau jan layi, in canza zuwa shuɗi, in sauka in jira bas, kusan awa biyu kafin in isa. Ban damu ba. Ranar farko na sa mai guga ta ɗauke ni hoto a kan keken na tura wa Rifkatu.

A sati na uku, ranar Talata da hantsi, ƙofa ta buɗe wani tsohon Bature ya shigo. Na ɗago kai na fara daga ƙasa yadda na saba, sai ban ga wando ba. Takalmi, doguwar safa, sannan gwiwoyi biyu farare fat a fili. Daga can zuwa ƙugu wani bargon ulu ne mai zane-zanen gida-gida, an naɗa shi da faffaɗan bel, ragowar an jefa ta kafaɗa an soke da ƙaton fil. Mutum ne mai gemu, mai jikoki a ganina. A garinmu namijin da ya fito titi haka, da waƙa za a raka shi gida.

Ya ga inda idona yake, ya ce, “Kalli abinka, kyauta ne. Matata takan ce gwiwoyina kamar dankali biyu ne da aka manta a firiji.”

Kunya ta kama ni, na ce, “Sori, sa.”

“Ba komai. Ni ne shugaban Ƙungiyar Gwiwoyi Masu Karkarwa,” ya nuna mini wani baji a ƙirjinsa mai hoton gwiwoyi biyu da ƙanƙara a kai. “Sun zaɓe ni ne don na fi kowa karkarwa.”

Sunansa Mista Gordon. Ya ce kakanninsa daga Sikotlan suka zo, kayan nan kilt ake ce masa, kuma nasa irin na da ne, wanda ba a ɗinkawa sam, kullum da hannu ake ninka shi. Ya buɗe leda ya fito da wani, shuɗi da kore, ya ce wannan na manyan ranaku ne, ranar Asabar suna da taro, ga shi asu ya ci masa rami. Ramin bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Madam ta rubuta a takarda: a cike rami.

Yini guda na yi a kan ramin nan. Na zaro zare daga jikin yadin, na bi saƙar gida-gida da allura, shuɗi a kan shuɗi, kore a kan kore, har ni kaina sai na laluba kafin in gane wurin. Da na gama na baje shi a tebur don in ninke, yadi biyar da ɗoriya, sai idona ya sauka a kan bakunansa biyu. Geza ce take reto, an tufka ta igiya-igiya, amma ba tsari. Wasu masu kauri, wasu sirara, wasu dogaye, wasu sun fara warwarewa. Na ce a raina, wane tela ne ya yi wa tsohon nan wannan wulaƙancin?

Babana yana da doka biyu a shago. Kaya ba ya fita da zare yana reto, ko da ba kai ka bar shi ba. Sannan baƙon kwastoma ba ya tafiya sai da abin da bai nema ba, ko maɓalli da aka ƙara wa ƙarfi ko aljihu da aka toshe, yadda mai tumatir ke ɗora maka biyu a kan kashi. Da haka ya riƙe mutanen Bukuru shekara arba'in. Ni kuma sati ɗaya ya rage mini a gwaji, ina son tsohon nan ya dawo ya yabe ni a gaban Madam. Na ɗauki almakashi na bi gezar nan na yanke ta kakaf, baki biyu, na share ta cikin kwandon shara. Na kalmashe bakunan na bi su da ɗinkin da ko Babana sai ya gyaɗa kai. Na goge, na ninke, na sa a leda, ina jin daɗin kaina.

Ranar Juma'a da safe ya zo ya karɓa bai buɗe ba, ya ɗaga mini hannu ya fita. Da azahar wayar shago ta yi ƙara. Madam ta ɗauka, tana saurare, tana kallona ta saman tabarau. Da ta ajiye ta zo ta tsaya a kaina.

“Me ka yi wa kayan Mista Gordon?”

Na gaya mata, har da ɗan murmushi. Na ce, “Alheri na yi masa, Madam. Ban ce a ƙara masa komai a takarda ba.”

“Wa ya roƙe ka?” Ta ɗauko takardar ta ajiye a kan keken. “Bai yi faɗa ba. Ya tambayi wanda ya yi, ya ce zai zo Litinin. In ya zo da ƙorafi, ka san abin da na gaya maka.”

Har a jirgi ina gardama da kaina. In ce mutanen nan ba su san alheri ba, in dawo in ce to me ya sa muryar Madam ta yi sanyi haka. Na wuce tashar da zan canza jirgi ban sani ba. Da na isa gida na kasa zama, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, har Malam Isufu ya ajiye kofin shayinsa.

“Tela, mi ya hwaru? Ka zamna, kana sa ni jiri.”

Na ba shi labari. Ya tambayi sunan ƙungiyar, ya ɗan danna wayarsa, ya ce taron nasu gobe ne a wani fili can cikin Virginia, kowa na iya shiga.

“Gobe da sahe mu tahi mu same shi.”

Na ce, “Malam, in je in ba namiji mai zani haƙuri don na yi masa aiki mai kyau?”

“Kai kana son kekenka ko kana son girmanka? Zaɓi guda, ni motata man tahiya ɗaya gare ta.”

Washegari da hantsi muka isa. Fili ne mai ciyawa, ganyen itatuwa ya yi ja, iska tana kaɗawa da sanyi. Tun daga wurin ajiye motoci muke jin wata algaita mai jaka da ake matsewa a hammata, kukanta kamar an taka wutsiyar akuya. Ko'ina ka duba gwiwoyi ne. An kafa rumfuna, kowace da ƙyallen sunan ƙungiyarta, Malam Isufu kuwa ya tsaya yana karanta su ɗaya-ɗaya kamar mai karanta labarai. Ta farko an rubuta “Yadi Biyar, Wando Babu”. Ta kusa da ita “Matanmu Sun Haƙura”, kuma ga matan nan zaune a kan kujeru cikin wanduna masu kauri suna shan kofi, ko kallon mazan ba sa yi. Da muka zo kan “Mun Fi Kyau Daga Nesa” sai da ya dafa kafaɗata don dariya.

“Ka gani, Tela? Mu can sai Bagobiri ya nemo Bazabarme kahin ya samu wanda zai tsokana. Waɗannan ba su wahalar da kowa, kansu suke ci.”

Ni dariyarsa haushi take ba ni, idona yana kan neman baji mai ƙanƙara. A gaban wata rumfa mai suna “Sai Mun Kwanta Muke Sa Kaya” muka tarar da wani ƙaton mutum ya shimfiɗa bel a ƙasa, ya baje bargonsa a kai, ya durƙusa yana ninka shi da hannu ninki-ninki. Da ya gama sai ya kwanta rigingine a kai, ya jawo gefe da gefe ya rufe cikinsa, ya ɗaure bel, sannan ya miƙa hannu biyu sama mutum biyu suka ɗago shi suna nishi. Ya ga mun tsaya, ya miƙo mana hannu.

“Ni ne Bel Ya Ɓata. Shekara goma ke nan, da na ɗaura shi ba na sake ganinsa, tumbi ya rufe.”

Shi ya raka mu, yana nuna mana mutane a hanya. Wancan siririn Baibai ake ce masa, domin shekara guda ya yi yana sa kilt ɗinsa ninkin na gaba, ba wanda ya gaya masa don suna jin daɗin kallo. Wancan mai sanƙo kuma Iska Ta Tona, abin da ya same shi a ƙofar coci ranar auren 'yarsa ke nan, a gaban surukai. Ya ce a nan ba mai amsa sunan yanka. Babban abin kunyar da ka taɓa yi shi ne sunanka, amma ba a raɗa maka shi sai ranar da wanda abin ya shafa ya iya yin dariya a kai. Iska Ta Tona sai da ya jira 'yarsa ta haihu ta huce.

Da na ji haka sai na ɗan samu ƙarfi. Na ce a raina, mutanen da suke dariyar tumbinsu da tsiraicinsu, ai geza ba za ta gagare su ba. Har na shirya abin da zan faɗa.

Mista Gordon yana zaune a rumfarsu cikin tsohon kilt ɗinsa na ranar Talata, abokansa biyar kewaye da shi. Shuɗin yana ninke a kan kujerar da ke gefensa. Na tsaya a gabansu, na buga ƙirji, na ce da Turancina na Jos, “Ga shugaban Ƙungiyar Almakashi Akwai, Hankali Babu ya zo gaisuwa.”

Ba wanda ya yi dariya. Ɗaya ya sunkuyar da kai, ɗaya ya ajiye kofinsa a hankali. Bel Ya Ɓata ya dube ni, ya dubi shuɗin bargon, fara'arsa ta ɗauke. Na yi tsuru-tsuru, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Mista Gordon ya ɗauko bargon ya ɗora a cinyarsa, ya shafa bakin da na kalmashe.

“Matata ce ta tufka gezar,” ya ce. “A sanyinta na ƙarshe, tana zaune a gado. Masu kaurin nan da ka gani su ta fara yi, lokacin hannunta da ƙarfi. Siraran da suke warwarewa su ne na ƙarshe. In na sa shi nakan bi su da yatsa, in san wane wata muke.” Ya ɗago ya dube ni. “Suna ina?”

Da ƙyar na ce, “A shara, sa. Ranar Alhamis mota ta kwashe.”

Ya gyaɗa kai kawai. Na durƙusa a kan ciyawa yadda ake yi wa babba a gida, hawaye yana zuba, ba na kekena ba wannan karon. Na tuna hannun Mamana a shekararta ta ƙarshe, yadda take fama da tsinke ɗaya na tsintsiya.

“Tashi, don Allah,” ya ce, duk ya rikice. “A nan sa kaya kaɗai ke kai mutum ƙasa.”

Malam Isufu ya cire hularsa ya matso. Ya ce a ƙasarmu wanda ya yi laifi ba ya zuwa shi kaɗai, dattijo yake ɗaukowa ya yi masa baki, shi ya sa ya zo. Ya gaya masa dokar Babana, ya gaya masa kwalayen Landover da tukwanen Silver Spring, ya gaya masa abin da Madam ta ce game da Litinin. Bai rage mini laifi ko kaɗan ba. Ya ce, “Girman kai gare shi, ni nake zaune da shi, na sani. Amma ba mugu ba ne.”

Mista Gordon ya gyara zama. Ya baje bargon yana neman inda ramin asu yake. Ya juya nan, ya juya can, ya ɗaga shi a rana, bai gani ba. Sai da na nuna masa da yatsa. Ya koma kan kalmasar ya bi ta da babban yatsa daga farko har ƙarshe.

“Ban taɓa ganin kalmasa mai kyau kamar wannan ba,” ya ce. “Na tsane ta. Tana farkuwa?”

Na ce tana farkuwa. In an farke, sai a zare zaren kwance a bar na tsaye, a tufka sabuwar geza, sai dai yadin zai ragu da kamar tafin hannu a kowane baki.

“To yi a nan. Ba a shago ba, ba da keke ba. Ina so in gani.”

Aka ba ni wata 'yar wuƙa da suke sokewa a safa, na zauna a ƙasa na ɗora bargon a ƙafafuna. Na farke ɗinkin da na yi alfahari da shi, ɗaya bayan ɗaya. Na shiga zare zare, iska tana kwashe su. Sauran suka koma harkarsu a hankali, aka ci gaba da busa, wasu ƙarti suna jifa da gungumen itace can gefe, ana ta kiran juna da sunayen banza. Shi kuwa bai tashi ba. Ya sauko daga kujera ya zauna kusa da ni, gwiwoyinsa sun yi ja don sanyi.

Da na zo tufka na tsaya. Na tambaye shi, abin da ya kamata in yi tun ranar Talata, “In yi su bai-ɗaya, ko in yi wasu da kauri wasu sirara yadda suke da?”

Ya shafa bakin bargon. Sannan ya ce, “Yi irin naka. Kada ka kwaikwaye ta.”

Na raba zare kashi biyu, na murza kowane a cinya, na haɗa su suka naɗe juna, na ƙulle baki. Ya ce in nuna masa. Ya gwada ɗaya, ta fito a karkace kamar wutsiyar ɓera. Na kai hannu zan warware, sai na janye hannuna na bar ta. Har la'asar baki ɗaya kawai muka gama, yatsuna sun ƙage, bayana ya riƙe. Ya ce ɗaya bakin Asabar mai zuwa, a gidansa.

Sannan ya ciro waya ya kira shago a gabana. Ina jin muryar Madam siririya daga ciki. Ya ce, “Gordon ne. Ba sai na zo Litinin ba, ba ni da ƙorafi. Ki riƙe shi, telan gaske ne. Sai dai ki riƙa karanta masa takardar da ƙarfi.”

Bel Ya Ɓata, wanda ya dawo da faranti a hannu, ya ga fuskoki sun ɗan saki, ya ce, “To shugaba, wane suna za mu ba shi?”

Mista Gordon ya ninke bargon ya rungume shi a ƙirji.

“Tukuna,” ya ce. Ya miƙo mini hannu. “Sai Asabar, Mista Bulus.”

Shekara uku ke nan ina kan keken nan na bakin taga. Duk rumfunan filin nan ni nake yi musu aiki yanzu, har daga Maryland ake kawowa. In na ga maɓalli yana reto a rigar da aka kawo rage hannu, sai in ɗauki waya in tambaya, Madam tana jina tana gyaɗa kai. Duk kaka muna zuwa taron ni da Malam Isufu. Shi tun zuwa na biyu ya samu suna, ranar da ya ɗaura bargo a kan babbar riga ya kwanta ya kasa tashi, yana ta ba da umarni daga ƙasa. Rediyo A Kwance suke ce masa, yana amsawa da murna. Ni kuwa suna tarbata da hannu biyu, su ba ni kujera, su tambayi Rifkatu da yara, kuma duk filin ni kaɗai ake kira da sunan mutunci. Da can abin da nake nema ke nan a ƙasar nan. Yanzu duk sanda na ji shi sai gabana ya faɗi.

Bana da muka je, Mista Gordon yana sanye da shuɗin. Ya zubo mini nama da dankali, ya miƙo farantin, ya daɗe yana kallona, gefen bakinsa ya ɗan motsa. Na tsaya da farantin a hannu ina jira.

“Ci da zafinsa, Mista Bulus,” ya ce.